Jan littafin nan mai faɗi: wata takwas da The Sacred Harp

Shekara goma sha ɗaya na yi a ƙungiyar mawaƙan cocinmu a Kafanchan, da do-re-mi aka yaye ni. Don haka ranar da wata abokiyar aikina a nan jihar Jojiya da ke Amurka ta ja ni wani taron waƙa, ina ɗaga kafaɗa na tafi. Kafin a tashi cin abincin rana jikina ya yi sanyi. A bakin ƙofa na sayi littafin da suke waƙa da shi, The Sacred Harp, bugun 1991, mai jan bango.

Faɗinsa ya fi tsayinsa, kamar an kwantar da allo, ga nauyi, don waƙoƙi 554 ne a ciki. B. F. White da E. J. King ne suka fara fitar da shi a 1844, a wannan jihar. Sunan yana nufin garaya mai tsarki, amma kada ku nemi garayar: muryar ɗan Adam ake nufi. Ba piyano, ba ganga.

Abin da ya ƙasƙantar da ni shi ne alamomin sautin. Guda huɗu ne kacal, kowace da siffarta: fa mai kusurwa uku, sol kamar ƙwai, la mai kusurwa huɗu, mi kuwa kamar an tsayar da la a kan kusurwarta. In za a hau daga ƙasa zuwa sama sai a ce fa, sol, la, fa, sol, la, mi, fa. Ni kuwa bakina ya ƙi sakin “do”. Sati uku ina tuntuɓe, wata tsohuwa da ke zama kusa da ni tana bin layin da yatsa tana nuna mini. Da idona ya saba, wallahi sai na ga hikimar. Siffar ce ke gaya maka inda muryarka za ta sauka, shi ya sa manoman da ba su taɓa zuwa makarantar kiɗa ba suke karanta waƙa nan take. Kuma kowace waƙa sai an fara rera ta da fa-sol-la kafin a shiga kalmomin.

Wani abin da ya ruɗe ni: a gida soprano, wato muryar sama ta mata, ce ke riƙe da ainihin karin waƙa, a nan kuwa tenor ne, wanda a gida muryar sama ta maza ce, layi na uku daga sama. An kira shafi na 45, “New Britain”, ina ta fama da layin sama, sai da aka kai kalmomin na gane ashe “Amazing Grace” ce.

Inda na rage masa maki: bayanin koyarwa da ke farkon littafin Turancinsa ya yi wa baƙo tsauri, ban ƙaru da shi sosai ba. Riƙe shi da hannu ɗaya, ɗayan yana sama da ƙasa yana auna lokaci, sai wuyan hannu ya gaya maka. Maganar mutuwa da kabari kuma ta yi yawa. Mijina ya ce in daina rera masa su da sassafe.

Babban abin dai, a ɗaki ni kaɗai littafin nan bebe ne. Sai an jera kujeru ɓangare huɗu suna fuskantar juna, an bar fili a tsakiya. Ranar da aka tura ni tsakiyar in ja waƙa, sautin ya taso mini ta kowane gefe har ƙirjina yana rawa, na manta baiti na biyu gaba ɗaya, ba wanda ya damu.

Mai niyyar saye ya fara tambayar wanne mutanen garinsa ke amfani da shi. An fitar da sabon bugu a 2025, akwai kuma wani bugu daban da W. M. Cooper ya gyara, mai shuɗin bango, da wasu wurare suka fi riƙewa. Nawa dai gefensa ya riga ya sha miya a teburin abincin rana, ban da niyyar rabuwa da shi.