Wata takwas bayan gyaran fitilun motata a wani gareji na Yamai

Da gangan na jinkirta rubuta wannan sharhi har tsawon wata takwas, domin duk wanda ya taɓa kai fitilar motarsa a goge masa ya san cewa ƙyallin ranar farko ba ya shaidar komai. An yi mini aikin a watan Nuwamba, daidai shigowar hunturu, kuma daga wannan lokaci zuwa yau fitilun sun sha ƙurar hunturu, sun sha ranar Afrilu da Mayu wadda zafinta kan wuce digiri 40 a Yamai, sannan ruwan farkon damina ya dake su. Yanzu ne nake ganin ina da abin da zan faɗa a kan wannan ƙaramin gareji da ke wajen unguwar Wadata, wanda ba zan ambaci sunansa ba, tun da akwai yabo a cikin maganata kuma akwai ƙorafi.

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2007, irin waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano bayan sun gama rayuwarsu ta farko a Turai. Fitilunta na gaba sun yi rawaya sun dushe, har idan mutum ya shafa su da hannu sai ya ji kaushi kamar bayan ƙwarya, kuma tafiyar dare a kan hanyar Doso ta zame mini wahala, saboda hasken ba ya tafiya nesa, sai dai ya watse a gaban motar kamar hazo. Sau biyu na sauya ƙwan fitila ina zaton a nan matsalar take, ashe kuɗina kawai nake zubarwa.

Abin da muke kira gilashin fitila a motocin zamani ba gilashi ba ne. Wata roba ce mai ƙarfi da ake kira polikabonet, wadda masu ƙera motoci suka koma wa saboda ba ta da nauyi, ba ta saurin fashewa idan tsakuwa ta same ta, kuma tana karɓar kowace siffa da aka so a ba ta. Rauninta biyu ne: tana saurin karcewa, kuma ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UV, yana cin ta a hankali. Saboda haka ne tun a masana'anta ake shafe fuskarta da wani siririn rufi mai tauri da zai kare ta. Idan shekaru suka ja, rana da yashi da sabulun wanki mai kaifi suka cinye wannan rufi, sai robar ta fara tsatstsagewa da ƙananan tsage, ta yi rawaya, ta riƙa warwatsa hasken a maimakon ta bar shi ya wuce. A ƙasa irin tamu, inda iskar hunturu take tafe da yashi kuma mafi yawan motoci suke wuni a filin Allah babu rumfa, abin yana zuwa da wuri. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada irin waɗannan fitilu a 2018, ta samu cewa wadda ta lalace tana ba da kashi 22 cikin 100 ne kawai na hasken sabuwa, kuma gyaran goge yana iya mayar da ita zuwa kusan kashi 70.

Kafin in san wannan gareji, na taɓa ba wani yaro a wurin wankin mota jika ɗaya, wato sefa 1,000, ya goge fitilun da man goge baki sannan ya bi su da tsumma mai man birki. Sun yi kyau ƙwarai a wannan yamma, amma ba a rufa mako uku ba suka koma yadda suke, har ma suka fi da muni. Man goge baki yana ɗan kankare saman robar ne kawai, shi kuwa man birki yana cike tsagen na ɗan lokaci tare da cutar da robar da fentin da ke kewaye da ita.

Abu na farko da ya burge ni a garejin shi ne mai wurin bai taɓa fitilun da komai ba sai da ya kunna su ya duba su da kyau, ya shafa su da yatsa, sannan ya ce mini: "Alhaji, ta dama duk ciwonta a waje yake, za ta gyaru. Ta hagu kuwa akwai raɓa a cikinta, kuma goge ba ya shiga ciki. Kada gobe ka ce na cuce ka." Na ce masa: "Malam, yi abin da ya sawwaƙa." Mun daidaita a kan jika 15, wato sefa 15,000, na fitilu biyu, kuɗin da na ga ya yi yawa a lokacin, ko da yake bai kai ko kusa da abin da aka nema a hannuna na tsofaffin fitilu guda biyu a wurin masu sayar da kayan mota ba.

Aikin ya ci kusan awa uku. Sun wanke fitilun, suka zagaye gefunansu da salatif na takarda domin kare fenti, sannan suka fara goge da sanfefa ana zuba ruwa ba ƙaƙƙautawa. Sun fara da mai lamba 800, wadda ta cire ragowar tsohon rufin har ruwan da ke gangarowa ya zama rawaya, sannan suka bi da waɗanda suka fi ta laushi, masu lamba 1500, da 2000, da 3000, kuma duk lokacin da suka sauya lamba sai su sauya alƙiblar gogen, daga kwance zuwa tsaye, domin a ga ko sabuwar sanfefar ta share sawun wadda ta gabace ta. A tsakiyar aikin fitilar takan yi fari fat kamar an shafa mata nono, kuma wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka an lalata masa ita. Ni kaina sai da gabana ya faɗi. Mai garejin da kansa ya riƙe matakin farko da na ƙarshe, ya bar wa yaransa na tsakiya, yana tsaye a kansu.

Inda wannan wuri ya bambanta da saura shi ne a mataki na ƙarshe. Gogewa tana cire lalatacciyar fatar robar, amma tana barin ta tsirara a gaban rana, kuma idan aka tsaya a nan, komai kyan aikin, 'yan watanni ne fitilar za ta sake yin rawaya. Su kuwa sun fesa mata fenti marar launi mai kariya daga UV, wanda suke kira berni, irin wanda ake gauraya shi da sinadarin ƙarfafawa kafin a fesa, shafi biyu da ɗan jinkiri a tsakaninsu. Saboda ƙura, mai garejin ya ƙi yin feshin a tsakar gida. Ya sa aka tura motar cikin wani ɗaki, aka yayyafa wa ƙasan ruwa, aka rufe ƙofa. Duk wanda ya san Yamai a watan Nuwamba zai gane muhimmancin wannan, domin ƙwayar yashi ɗaya idan ta faɗa a kan ɗanyen berni ta zauna ke nan. Ya kuma gargaɗe ni da kada a wanke gaban motar sai bayan kwana uku.

Ƙorafina na farko a kan yaransa ne. A gefen fitilar dama salatif ɗin ya ɗaga ba su lura ba, sanfefa ta karci fentin motar tsawon ɗan yatsa, kuma ba wanda ya faɗa mini, sai da na isa gida na gani. Da na koma washegari mai wurin bai yi musu ba, ya ba da haƙuri ya goge wurin da man ƙyalli, amma sawun yana nan ga mai neman sa. Na biyu ya fi damuna: ba su duba saitin fitilun ba. Fitilar da ta daɗe a dushe tana ɓoye karkatarta, to da ta washe sai na tarar ta dama tana haska sama, direbobin da ke tahowa suna ta ƙyafta mini fitila a kan gadar Kennedy. Gyaran saitin, wanda ake yi ta hanyar haska fitilun a jikin bango, bai fi na minti goma ba, kuma bai kamata a sallami mota ba tare da shi ba. Wurin zaman jira ma benci ɗaya ne a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, saboda haka gara mutum ya je da sassafe.

A yau fitilar dama tana nan garau, ba rawaya ba ɓawo, in ban da wani ɗan gurbi a kusurwar sama inda bernin ya ɗan yi kauri, wanda ba ya taɓa hasken. A kan hanyar Doso ina hango amalanken jaki da masu tafiya a gefen kwalta tun da sauran tazarar taka birki a natse. Ta hagu ma fuskarta tana nan lafiya, sai dai raɓar da aka gargaɗe ni a kanta ta dawo da ƙarfi tun ruwan farko na watan Yuni, domin ɗankon da ya haɗa murfin da jikin fitilar ya saki. Wannan aiki ne na daban, na buɗe fitilar da zafi, a busar da cikinta, a duba ƙofofin shan iskarta, a sa sabon ɗanko. Mai garejin ya ce jika 7 zai karɓa, kuma na riga na gaya masa cewa wannan karon sai ya saita mini fitilun a gaban bango kafin in biya.