Gargaɗi ga masu tsofaffin Starlet: jaka 300 na biya, aka aiko mini da mataccen inji daga Duwala

Assalamu alaikum. Yau kwana tara ke nan wannan magana tana cina a rai, kunya ta hana ni faɗa, amma jiya da dare na ga mutumin da ya cuce ni a cinikin injin mota ya sake sa hotunan injuna a Facebook da wani sabon suna, da hoton shagon nan dai da ya nuna mini, sai na ga in na ci gaba da yin shiru har da hannuna a cutar wanda zai biyo bayana. Jaka 300 ya ci mini, wato sefa 300,000, kuɗin da na yi kusan shekara ina tarawa. Jaka 150 da farko, sannan jaka 40, sannan jaka 110.

Ina so a fahimci cewa ni ba baƙon mota ba ne. Toyota Starlet ɗina ƙirar 1997 ce, shekara goma sha uku tana hannuna a nan Garwa ta Kamaru, kuma duk wanda ya san ni ya san yadda nake riƙonta. Ban taɓa bari lokacin juyen baƙin mai ya wuce ba. Bel ɗin cikin inji, wanda makanikanmu ke kira kuruwa, na canza shi sau biyu tun kafin ya nuna alamar gajiya. Idan watan Maris da Afrilu suka kama, zafi ya haura digiri 40, kullum da safe sai na buɗe bonet na duba ruwan lagireto kafin in tayar da ita. Man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri na bakin titi, ma ba na zuba mata sai dole ta yi, in kuwa na zuba sai an tace shi da ƙyalle a gabana. Kamfanin ya daina ƙera Starlet tun 1999, Yaris ta maye gurbinta, saboda haka duk mai irin wannan mota ya san da kayan okaziyo, wato kayan gyara na hannu, take rayuwa, ya kuma san dokar kayan okaziyo guda ɗaya ce: kada ka biya abin da hannunka bai taɓa ba. Shekara goma sha uku ina bin wannan doka, ni ne ma nake koya wa wasu ita. Da na saɓa mata, shi ne jaka 300 suka tafi.

Injin ya lalace ne a hanyar Ngaundere, a hawan dutsen nan da direbobi ke kira falez, tiyon ruwa ya tsage ban lura ba sai da allura ta kai ja. Da aka jawo ta gida, makanikena ya zaro sandar gwajin mai, sai ga shi ya koma kamar shayi da madara. Ya ce, "Malam, ruwa ya haɗu da mai, kulas, wato kan injin, ya lanƙwashe, ga shi dama tana shan mai. Gyara zai ci kuɗi, kuma ba zan ɗaukar maka alkawari ba. In da hali, a nemo inji sukutum." Ya ce in yi haƙuri wani abokinsa zai je Duwala bayan salla ya duba mana da idonsa. Da na saurare shi da ban rubuta wannan ba.

Na manta ban faɗi yadda na san mutumin ba, kuma a nan ne duk abin yake. Wata huɗu kafin injin ya lalace na taɓa sayen kaya a wurinsa. Famfon ruwa da kuruwa, jaka 18. Na tura kuɗin, bayan kwana uku kaya suka iso tashar motar safa, masu kyau, har yanzu suna jikin tsohon injin. To ku gaya mini, wa zai zargi mutumin da ya riga ya cika masa alkawari sau ɗaya? Yanzu na gane jaka 18 ɗin nan tsaba ce ya watsa mini, amma a lokacin gaskiya na gani, kuma duk mai hankali gaskiya zai gani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kiran bidiyon da muka yi ranar wata Talata bayan la'asar. Ya ce yana Kam Yabasi, unguwar da kowa ya sani da kayan gyaran mota a Duwala. Ya juya wayar ya nuna mini injuna jere a ƙasa, ya durƙusa, ya goge jikin ɗaya da tsumma, ya haska mini inda aka buga 4E, wato samfurin injin. Ya ce, "Alhaji, taka ta 1997 ce, 4E take ɗauka, mai bawul 16 da allurar mai. Kada ka yarda kowa ya sayar maka da 2E, wancan mai kafireto ne, bawul 12, sai an yi ta yanke-yanken waya kafin ya zauna." Wannan magana gaskiya ce, makanikena ma haka ya faɗa. Na tambaye shi ko in haɗa da giya, sai ya ce, "A'a Alhaji, in giyarka ba ta kuka, kada ka ɓata kuɗinka." Mai sayarwa ya hana ka sayen kayansa! A nan ne zuciyata ta kwanta. Na maimaita wannan kalma tasa a raina ya fi sau ɗari a kwanakin nan, kada ka ɓata kuɗinka, da muryarsa a kwance, da Hausarsa irin ta mutanenmu da suka daɗe a kudu. Shi da bakinsa ya ce kada in biya duka, in ba da jaka 150 kafin alƙalami, sauran sai kaya sun hau mota. Ban roƙe shi ba, shi ya faɗa.

Kuɗin injin jaka 260 muka daidaita, dako jaka 40. Da zan tura jaka 150 ɗin farko ta Orange Money, wato tura kuɗi ta waya, sunan mace ya fito. Na tsaya, na kira shi, ya ce layin maiɗakinsa ne, nasa ya cika. Wancan karon na jaka 18 sunan namiji ne ya fito, na tuna da haka, kuma na tambaya, kada wani ya ce ban tambaya ba. Jaka 40 ɗin dako kuwa wata lamba ta uku ya ba ni ta MoMo, wato tura kuɗi ta layin MTN, ya ce ta yaron da ke kai kaya tasha ce. Ranar Alhamis ne ko Juma'a, ya turo hoton akwatin katako da sunana a jiki da baƙin fenti. A'a, hoton akwatin ya riga jaka 40 ɗin zuwa, don shi na gani na tura. Bayan kwana biyar ya ce kaya sun iso Garwa, amma ba zai ba ni lambar rasit ba sai na cika jaka 110. Na je tashar da ƙafata, na ga akwatin a lungu, na taɓa shi, na gwada ɗaga gefe ɗaya na ji nauyin ƙarfe. Ma'aikatan suka ce ba su da ikon buɗe kayan da ba a karɓa ba, kuma ba su yi laifi ba, aikinsu ke nan. A tsaye a wurin na tura jaka 110.

A gareji muka ɓalle ƙusoshin. Injin yana ƙyalli, an wanke shi an fesa masa fenti ruwan azurfa har kan kusoshi da tiyo. Makanikena bai ce komai ba, ya ɗauko sifana ya ɗora a kan fulin ƙasa, inda ake juya injin, ya danna da duk ƙarfinsa, ko motsi bai yi ba. Ya kwance murfin sama, sai ga tsatsa ja da busasshen taɓo a cikin bawuloli, alamar injin ya daɗe a cikin ruwa. Bawul 12. 2E ne, irin wanda mai sayarwar da kansa ya ce kada in yarda a sayar mini. Wurin lambar kuma an goge shi da dutsen wasa ƙarfe. Yaran gareji suka yi tsit, makanikena ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, sai haƙuri, wannan sai dai masu sayen ƙarfe a kilo." Wallahi na gwammace a ce faɗa ya yi mini.

Na kira mai sayarwar a take, ya ɗauka, ya ce yaransa ne suka yi kuskuren akwati, gobe zai gyara. Washegari wayar tana ta ƙara ba a ɗauka, jibi a kashe, ya kuma toshe ni a WhatsApp. Na kai ƙara da takardun tura kuɗin guda uku, an rubuta, an ce in jira. Wani ɗan uwa da ke Duwala ya zagaya da hoton shagon har ya same shi, mai shagon ya ce bai san mutumin ba, masu neman kwastoma da yawa suna shigowa su ɗauki bidiyo su fita. Ashe injin 4E da na gani a waya na wani ne.

Hotunan hirarmu duka suna wurina, da saƙonnin tura kuɗi na jaka 150, da jaka 40, da jaka 110, da bidiyon buɗe akwatin. Zan sa su da daren nan in Allah ya yarda, bayan na rufe sunan matar, don mai yiwuwa ita ma da katin shaidarta aka yi rajistar layin ba da saninta ba.

Kada ku sayi inji a waya. Ku tura wanda kuka sani ya juya shi da sifana, ya karanta lambar da idonsa. In sunan da ya fito wajen tura kuɗi ya bambanta da na mai kaya, ku fasa.

Motar tana nan ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gida, na cire batir na rufe ta da tampol, inshorarta tana ta tafiya a banza, yara kuma a babur ake kai su makaranta. Ban yafe jaka 300 ɗin nan ba, kuma duk wanda mutumin nan ya taɓa yi wa irin haka daga Marwa, ko Gidar, ko Ngaundere, ya yi mini magana mu haɗa takardunmu mu kai tare.