Wane Kayan Koyon Haruffa Ya Dace A Saya Wa Yaro Kafin Ya Shiga Aji Ɗaya A Saudiyya?

Iyaye Hausawa mazauna Makka, Jidda da Madina sukan fara neman kayan koyon haruffa tun yaro yana da shekara uku ko huɗu, domin da shekara shida ake shiga aji ɗaya a ƙasar nan, kuma kowa yana son ɗansa ya isa can yana iya bambance harafi da harafi. Kayan sun cika kasuwa, daga manyan kantunan littattafai irin su Jarir har zuwa shagunan abu hamsa na cikin unguwa, wato masu kayan araha na riyal biyar, amma kafin a tambayi farashi, wajibi ne a duba irin rubutun da ke jikin abin da za a saya.

Da yawa daga cikinmu a makarantar allo muka yi babbaƙu da farfaru, da rubutun Magaribi da ƙira'ar Warshu, inda fa take da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Makarantun Saudiyya da Hafsu suke karatu, kuma da rubutun nasakh suke fara wa yara, irin wanda ke cikin Mushafin Madina da Usman Ɗaha ya rubuta, wanda maɗaba'ar Sarki Fahad take bugawa. A wannan rubutu fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf tana da biyu. Ke nan harafin da kaka zai kira ƙaf, shi ne malama za ta kira fa a aji, kuma yaro ɗan shekara huɗu ba zai iya raba musu gardama ba. Haka kuma a guji katin da aka rubuta da ruƙ'a, wato salon rubutun hannu na yau da kullum, domin a can ɗigo biyu suna komawa ɗan layi, haƙoran sin kuma su ɓace.

Saboda haka allon katako da tawada, wanda ina ganin har gobe babu abin da ya fi shi ladabtar da hannu, yana da amfani ne idan mai rubuta wa yaron zai yi masa rubutun da zai tarar a makaranta. Faɗinsa yana ba da damar yin harafi babba, a wanke, a sake. Sai dai alƙalamin kara yana bukatar hannun da ya ɗan yi ƙwari, don haka ya fi dacewa da ɗan shekara biyar.

Littafin bin ɗigo, wanda yaro yake bin ɗigo-ɗigo da fensir har harafi ya fito, ana sayensa sosai, kuma a nan ake yawan yin asarar kuɗi. Haruffan Larabci 28 ne, amma yawancinsu suna sauya kama gwargwadon inda suka faɗo, a farkon kalma ko tsakiya ko ƙarshe, yayin da shida daga cikinsu, wato alif, dal, zal, ra, zai da wau, ba sa haɗuwa da harafin da ya biyo bayansu. Littafin da ya nuna harafi a tsaye shi kaɗai daga bango zuwa bango bai gama aikinsa ba, domin yaron zai ga harafin ain a tsakiyar kalma ya kasa gane shi. A buɗe littafin tun a kanti, a duba ko akwai 'yar kibiya mai nuna inda fensir zai fara da inda zai nufa, a duba ko an nuna wutsiyar jim da ta ra suna sauka ƙasan layi, sannan a shafa takardar a ji ko za ta jure goge-goge. Ya fi kyau kuma littafin ya jera haruffa masu jiki ɗaya wuri guda, kamar ba da ta da sa, tunda haruffa 15 ne masu ɗigo, kuma a nan yara suka fi tuntuɓe.

Haruffan roba masu maganaɗisu da ake mannawa a jikin firiji suna taimakawa wajen gane harafi, amma ba sa koyar da rubutu, kuma yaron da bai kai shekara uku ba zai iya haɗiye ɗan maganaɗisun idan ya ɓalle. Haruffan da ake shafawa da yatsa, waɗanda suka samo asali daga tsarin Maria Montessori, sun fi su amfani, sai dai suna da tsada, alhali faranti da ɗan yashi ko gero a ciki zai yi kusan aikin da suke yi.

Manhajojin waya suna jan hankalin yara, wasunsu kuma suna furta harafi daidai, amma yatsa a kan gilashi ba ya koya wa hannu riƙon fensir. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarar da ta fitar a 2019, ta ce kada yaro ɗan shekara biyu zuwa huɗu ya wuce sa'a ɗaya a rana a gaban waya ko talabijin. Ƙa'idar Nuraniyya, wato ɗan littafin fara karatun Alƙur'ani, wadda ake karantarwa a halƙoƙin masallatai, ta furuci ce da haɗa baƙi. Kada a saye ta da zaton za ta koya wa yaro rubutu.

Game da boko, tun 2021 aka fara koyar da Turanci daga aji ɗaya a makarantun gwamnati, don haka babu laifi a tanadi nasa kayan. Shawarata ita ce kada a haɗa shi da Larabci a zama ɗaya, tunda Larabci daga dama yake farawa, Turanci daga hagu. Kuma babu ɓ, ɗ da ƙ a cikin haruffa 26 da ake sayarwa a akwati. Wanda yake son ɗansa ya karanta Hausa sai ya rubuta su da hannunsa a kwali.

Ga gidan da kuɗinsa ya taƙaita, zan zaɓi ƙaramin farin allo mai layi da alƙalamin da ake gogewa, domin uwa ko uba zai rubuta harafin a gaban yaron yana kallon inda hannu ya fara, sai a ƙara da littafin bin ɗigo guda ɗaya na nasakh idan ya kusa shekara biyar. Fensirin kuma ya kasance gajere mai kauri, mai kusurwa uku, wanda ƙananan yatsu za su riƙe ba tare da sun dunƙule ba.