Allurar bitamin ko ƙwaya: wanne ya kamata ka saya?

A Jos ɗin nan da mutum ya ce jikinsa ba ƙarfi ko yana jin jiri, kafin ya rufe baki wani zai ce "je kemis a maka allurar B-co", wato haɗin bitamin B, kuma daga Anguwan Rogo har Gangare haka ake yi, mai kemis ya fasa kwalba ya zuƙo ruwan nan ya caka maka, ka biya ka tafi kana jin ai yanzu jini ya ƙaru. Mutanenmu sun ɗauka allura ta fi ƙwaya ƙarfi. Gaskiya bambancinsu hanya ce kawai, ita allura ba ta bi ta ciki, to in cikinka lafiya lau yana tsotsar abinci, ƙwaya za ta yi maka aikin da kuɗi kaɗan kuma ba ƙurji a ɗuwawu.

Bitamin B12 shi ne wanda aka fi yi wa allura da dalili. Babban mutum maikirogiram 2.4 kawai yake buƙata a rana, kuma hanta tana ajiye na shekaru, shi ya sa mai cin nama, hanta, kifi, ƙwai da kindirmo ba kasafai yake rasa shi ba. Zogale da alayyahu suna da nasu amfanin amma B12 kam babu a ciki, kar wani ya ruɗe ka. Waɗanda abin ke kamawa su ne wanda cikinsa ya daina fitar da sinadarin da ke kama B12 ya shigar da shi jini, wanda aka yanke wa wani ɓangare na ciki ko hanji, tsofaffi, masu ciwon suga da suka daɗe kan metformin, da masu olsa da suka mayar da omeprazole abincin kullum. Idan abu ya kai ga tafin ƙafa yana dindiris ko yana tsikari kamar ana caka ƙaya, harshe ya yi ja sumul yana zafi, tafiya ta fara tangaɗi, ga mantuwa, nan ne likita zai ce allura, yawanci maikirogiram 1000, a jere a makonnin farko sannan a koma duk bayan wata biyu ko uku, wasu har ƙarshen rayuwa. Wanda nasa na ƙarancin abinci ne kawai, ƙwaya ta wadatar.

Amma fa yawancin masu cewa "ba ni da jini" ba B12 ba ne matsalarsu, sinadarin ayan (iron, wato sinadarin ƙarfe mai gina jini) ne ya yi ƙasa, musamman mata masu juna biyu da masu zubar jini da yawa lokacin al'ada, ko kuma maleriya da tsutsar ciki sun cinye mutum. Allurar B-co goma ba za ta gyara wannan ba. Ƙwayar ferrous sulphate ce, mai sa bayan gida ya yi baƙi, ba komai ba ne wannan, kar dai a kora ta da shayi don yana hana ta shiga jiki. Ayan na jijiya a asibiti ake sa shi ana kallon mutum don yakan tayar da borin jini. Mai sikila kuwa kar ya taɓa maganin ayan sai likitansa ya ce.

Wani abin da ke ba ni tsoro shi ne folic acid, wato bitamin B9, da ake sha barkatai, yana iya gyara jini a takardar gwaji alhali ƙarancin B12 yana can yana cin jijiyoyi. B6 ma da ke cikin haɗin B-co in ya yi yawa shi kansa yana kashe ƙafa.

Don haka ni a ganina kuɗin farko a gwajin jini ya kamata ya tafi, a JUTH (asibitin koyarwa na Jami'ar Jos) ko Plateau Specialist ko wani lab mai rajista, kuma a yi kafin a fara shan komai don allura ko ƙwaya tana rikita sakamakon. In an rubuta maka ƙwaya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in allura ce ka tsaya a buɗe sabon sirinji a gabanka, kuma ma'aikacin jinya ya yi, ba yaron shago ba.