Injin naɗe igiya da munka ɗaura ma jirginmu a Goronyo, bayan wata bakwai ina aiki da shi

Duk wanda ya gan mu bakin ruwa sai ya tambaya wai mi ne wancan abu mai kama da ganga da ke bayan jirgi shina haɗiye igiya shi kaɗai, to yau dai bari in yi bayani gaba ɗaya tunda na kai wata bakwai ina aiki da shi, na ga daɗinshi na kuma ga wahalarshi.

Jirgin na yayana ne, na faiba ne mai injin Yamaha 40 a baya, shi ya taho da shi daga Legas tare da allon nan da ake ce ma wekbod, wanda mutum ke ɗaure ƙafafunshi biyu a bisa ya riƙe igiya jirgi na janshi bisa ruwa. Wasan Turawa ne, can wajen Amurka da Ostareliya ya yaɗu cikin shekarun 1980, mu kam nan ba mu fi mu biyar masu yinshi ba, kuma dam ɗin Goronyo muke zuwa don shi ne ruwan da ke da faɗin da za a yi gudu a juyo ba a taɓa kowa ba. Wanda bai taɓa zuwa ba, dam ne bisa gulbin Rima, an gama gininshi 1984 anka buɗe shi 1992, tsawon bangon kaɗai ya haura kilomita 12. Da sassafe muke bin hanyar Achida mu dawo gida kahin la'asar, kowa ya san yanayin hanyar gabas yanzu, Allah shi kawo muna sauƙi.

Abin da ya sa na sayi injin ga ba ƙawa ba ne, farfela ce. Igiyar wekbod tsawonta kamar mita 20 ne, siririya ce kuma ba ta miƙewa ko kaɗan, irin zaren da ake kira Dyneema, ba kamar igiyar rijiya ba da za ka ja ta ɗan ba ka. Muddin jirgi na gudun kamar kilomita 30 a awa igiya na miƙe tsaf babu matsala, amma da mai allo ya faɗi ya saki, shi ke nan ta kwanta bisa ruwa tana yawo, kai kuma direba hankalinka na ga mutumin da ke cikin ruwa kana son ka zagayo ka ɗauke shi, iska na tura igiya ƙarƙashin jirgi ba ka sani ba. Sau biyu tana shige muna farfela. Na biyun ne ya yi muni don ta naɗe har ta ci robar da ke hana ruwa shiga giyar injin jirgi, da munka kwance man giyar ya fito fari kamar madara, alamar ruwa ya shiga kenan, jirgi ya yi sati uku a ajiye. Ga kuma hannu, duk wanda ya taɓa jan jiƙaƙƙiyar igiya mita 20 sau goma sha a yini ya san yadda tafin hannu ke komawa.

To injin kanshi ba wani abu mai rikitarwa ba ne. Ƙaramar mota ce mai cin batir 12V, da ganga inda igiya ke naɗewa, da makunni, da fiyus bisa waya, sai ɗan rimot. In za a fara wasa sai ka saki gangar mai allo ya ja igiya ta warware, in ya faɗi ka danna ta dawo. Na sha duba agogo, daƙiƙa 15 zuwa 20 ta kwashe duka, kahin in gama juyo da jirgi ruwa ya zama fes babu abin da ke yawo. Wallahi wannan kaɗai ya biya ni kuɗina, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne don da kuɗin kawowa ya kai na rago mai kyau lokacin layya. Tun da munka ɗaura shi igiya ba ta sake kusantar farfela ba ko sau ɗaya, kuma yanzu idona na bisa wanda ya faɗi tun daga faɗuwarshi har in kai gare shi, wanda shi ne ya fi komai muhimmanci a wurina don mutum in yana cikin ruwa kanshi kaɗai ake hange ko da rigar kariya a jikinshi.

Akwai kuma wani amfani da ban yi tunaninshi ba sai daga baya, masunta. Ruwan ga wurin cin abincinsu ne mu baƙi ne, kuma da can igiyarmu in ta kwanta takan sarƙe da kallin da sunka shimfiɗa, ran nan wani dattijo ya biyo mu da kwalekwalenshi ranshi a ɓace, na ce Baba ka yi haƙuri laifinmu ne, munka biya shi gyara. Yanzu da igiya ba ta daɗewa cikin ruwa mun daina wannan rigima, kuma kullum sai mun tambaye su inda sunka sa raga kahin mu tada inji.

Sai matsaloli, kuma ina so wanda zai saya ya karanta nan da kyau.

Injin ga na naɗe igiya ne, ba na jan mutum ba. Nauyin mai allo dole ya zauna bisa ƙarfen ja na jirgi, wato ka warware tsawon da kake so ka maƙala igiyar ga ƙarfen sannan a tashi. Ƙanena ya taɓa mantawa ya bar nauyin bisa gangar, jirgi na ɗagawa munka ji ƙara ƙaƙas, haƙoran giyar ciki biyu sun tafi, na roba ne ashe. Wanda ya sayar muna bai faɗi wannan ba, takardar da ke cikin kwalin ma rabin shafi ce babu wani bayani, kuma da na kira shi kan kayan gyara sai yawo yake min da hankali har na gaji, ƙarshe wani mai gyaran janareta a unguwar Mabera cikin Sakkwato ya samo muna wata giya ya gyara ta ta zauna. Na ce mishi Malam Allah shi biya, don ban yi zaton za ta tashi ba.

Sannan ba ya jera igiya da kanshi. In ba ka sa hannu daga nesa kana ɗan karkata ta dama da hagu ba sai ta taru gefe guda ta cushe, kuma kar ka kuskura yatsa ya matso kusa da gangar tana juyawa, siririyar igiyar nan yanka take. Yara kam ban barin su zauna wannan gefen sam. Haka mariƙin da ke bakin igiyar, in ka bar yatsa bisa makunni har ƙarshe zai taho da gudu ya bugi jirgi ko gwiwar wani, ni in ya rage kamar mita biyu nake saki in ƙarasa da hannu.

Rimot ɗin bai yi wata biyu ba ruwa ya shige shi ya mutu, mun koma makunnin waya kuma ya fi min kwanciyar hankali.

Batir ma kar ka haɗa shi da na tada inji, ka ware mishi nashi. Mu ƙaramin batir munka sa daban muna cajinshi da sola a gida, yana kai mu yini guda lafiya lau, don in ka shanye batirin jirgi tsakiyar dam ba mai turo ka.

Amma babban abokin gabanshi a nan Sakkwato rana ce da ƙura, waɗanda sunka ƙera shi ba su san zafin watan Afrilu ba da ake haura digiri 40. Murfin roba ne, cikin wata huɗu ya koɗe ya fara tsagewa ta gefen noti. Da hunturu kuma ƙura ta shige ciki ta haɗu da giris ta zama kamar taɓo, sai ka ji motar na nishi tana jan igiya da ƙyar. Abin da nake yi yanzu duk sati biyu in buɗe in goge in sa sabon giris, in mun dawo gida in warware igiyar duka ta bushe a inuwa kahin in mayar, na kuma kai ma mai ɗinkin tampol ya ɗinka mishi riga. Notukan da ya zo da su ma sun fara tsatsa na canza su da waɗanda ba su tsatsa.

In kana da jirgi kana jan allo ko tayar nan ta iska da ake ja yara a bisa, ni na ce ka saya, amma ka nemi mai giyar ƙarfe ko da ya fi tsada, ka kuma tambayi kayan gyara tun kahin ka biya. In kuwa don jan raga ko jan jirgi zuwa tudu kake so, ba shi ba ne, wancan winci ne daban mai ƙarfi. Baban nan masunci ma ya tambaye ni ko zai ja mishi koma, na ce a'a Baba ƙonewa zai yi, ya ce to in bar mishi tsohuwar igiyar da farfela ta ci, na kuwa kai mishi ita satin da ya wuce.