Sirdin soso na kwalekwale: kaya lafiya lau, mai ɗaurawa ne ya kusa halaka ni

Wanda bai san irin jirgin ba zai ce me ya haɗa sirdi da kwalekwale. Ba irin na masunta ba ne da ake zama a kan katako. Wannan na ruwa mai gudu ne, gajere, a durƙushe ake tuƙa shi: gwiwoyi a ƙasa, mazaunai a kan dunƙulen soso, cinyoyi a ɗaure. Da ƙugu ake sarrafa shi, ba da filafili kaɗai ba, don haka in sirdin ya motsa kai da jirgin kun raba gari.

Nawa tsoho ne, a hannun wani Bature da zai koma gida na saye shi. Jikinsa Royalex ne, robar da aka daina yi tun 2014, shi ya sa nake lallaɓa shi kamar ƙwai. Sirdin da ya zo da shi ya farfashe, sai na yi oda wurin masu kayan wasan ruwan nan na Instagram. Kun san su, kun kuma san yadda suke yanka kuɗi.

Soson kam ba ni da ta cewa. Minisel ne na gaske, wato soso mai tauri da ba ya shan ruwa, ba soson katifa ba. Na danne shi da dutse a cikin baho ya kwana, da safe na ɗaga shi sakayau, bai sha ko ɗigo ba. Tsayinsa inci 9, na rage shi zuwa 8 don kada in yi tsororo, kuma akwai rami a ƙarƙashinsa da ruwa ke ratsawa daga wannan gefe zuwa wancan.

Kuskurena shi ne biyan kuɗin ɗaurawa. Ranar Asabar suka turo min wani yaro gida a Gwarinpa, Abuja, da gwangwanin gam a leda. Na ce masa ba za mu kai jirgin ruwa mu ga inda ya dace a kafa shi ba? Ya ce, "Oga, kar ka damu, minti goma ne. Wannan gam ɗin ko tayar mota zai riƙe." Bai goga sanfefa ba. Da tsumma ya share cikin jirgin, ya lafta gam a gefe ɗaya, tun yana danye ya kifa sirdin, ya ɗora bulo biyu a kai, ya karɓi na mota ya tafi. Ni ma da laifina, ina tsaye ina kallo, ina cewa ai shi ya san aikinsa.

A Tafkin Jabi na fara gwadawa. Ruwa kwance, babu abin da ya nuna, sai dai na ga hancin jirgin yana ɗan nutsewa, na ce ko ni ne na ƙara ƙiba. A watan Oktoba muka ɗora shi a kan mota, muka bi ta Suleja muka kama hanyar Minna sai magangarar ruwa ta Gurara, rana tana dukansa tun safe. Can ƙasa da inda ruwan ke zubowa muka shiga. Gangara ta biyu, na karkata zan shige lungun da ruwa ke lafawa a bayan wani dutse, sai na ji kujerata ta sulale kamar an ja tabarma. Kafin in ce Innalillahi na kife. Maɗaurin cinya na asali ne, yana nan daram, wato ina ɗaure da jirgi kaina a ƙasa, abin da zan tokare babu. Allah ya sa na saba zare shi da hannu ɗaya. Hular kwano ta sha dutse, filafilina ya bi ruwa, har yau. Da na ɗago, ga sirdi can yana lilo a saman ruwa abinsa, ko a jikinsa. Wasu yara ne suka tsamo min shi.

Na juya ƙasansa, gam yana yauƙi kamar miyar kuɓewa, sati uku bayan shafawa! Abin da ya fi ƙona min rai, inda ya kwanta a jikin jirgin ya yi laushi ya canza launi, saboda ƙarfin gam ɗin bai samu iskar fita ba, sai ya ci robar.

Wani dattijo mai gyaran kujeru a Kugbo ne ya fitar da ni. Bai taɓa taɓa kwalekwale ba, amma ya san gam. Ya shinshina wurin ya ce, "Ɗana, wanda ya yi wannan sauri yake yi ya je ɗaurin aure." Kafin nan na koma Jabi da sirdin a sake, abokina yana bakin ruwa yana cewa matsa baya, har jirgin ya zauna daidai, muka zana wurin da alƙalamin maka. Ashe yaron ya kai shi gaba da kusan tafin hannu. Baba ya kankare, ya goga sanfefa, ya wanke da sifirit, ya shafa gam siriri a ɓangarorin biyu, na soson har sau biyu. Sai ya zauna ya ci goro. Sai da ya taɓa da bayan yatsa ya ji bai kama ba sannan muka haɗa, a hankali, don da zarar sun taɓa juna babu gyara. Ya sa na matso da sandar gicciye ta danne bayan sirdin, ya ce kada jirgin ya ga ruwa sai jibi.

Da niyyar ba masu sayar da sirdin makin tauraro huɗu na zauna, saboda soson. Amma yanzu na buɗe WhatsApp na sake ganin hotunan da na tura musu. Kwana biyar suna karantawa ba amsa, daga baya suka rubuto wai ruwan Gurara ne ya yi ƙarfi. To da don ruwan baho na saya? Biyu na ba su. Kuɗin ɗaurawa ba su dawo da shi ba, filafili kuma aro nake yi.