Abin da Jamus ke sauyawa a ƙwaƙwalwar motar kaya kafin ta iso Jos

Assalamu alaikum Alhazai da 'yan uwa masu Sprinter, Vito da Caddy 'yan Beljiyam, da kanikawanmu na Farin Gada. Daga nan Jamus nake rubuto muku a kan ƙorafin da ya yi yawa: mota biyu iri ɗaya, shekara ɗaya, amma ɗaya na tashi da sauri, ɗaya kuwa sai an danne totur. Sau da yawa injin lafiyarsa lau, manhajar da ke cikin birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ce ta bambanta.

Tushen abin shi ne 2015, lokacin da aka gano Volkswagen ta sa wa motocin dizal kusan miliyan 11 manhajar da ke ɓoye yawan gurɓataccen hayaƙi. Hukumar motoci ta Jamus, KBA, ta tilasta a mayar da waɗanda ke Jamus gareji. Injin Volkswagen EA189 mai lita 2.0 manhaja kawai aka sauya masa, mai 1.6 kuma aka ƙara masa wata 'yar raga a gaban sensan iska. A 2018 umarnin ya hau kan Mercedes, har da Vito.

A nan aikin kyauta ne. Wasiƙa ke zuwa har gida da lambar shasinka. Bakanike zai jona caja ta riƙe batir a wajen bolt 13 zuwa 14, ya haɗa kwamfuta da kamfani ta intanet, da manhajar Xentry ga Mercedes, ODIS ga Volkswagen, cikin awa guda an gama an rubuta a littafin sabis. Cajar nan ba ado ba ce: wuta ta yi ƙasa ana tsakiyar aiki, birenbos ya mutu. Wannan matakin ne ake yawan tsallakewa a gida, inda ake loda fayil ɗin da ba a san asalinsa ba da batir mai rauni.

Sabuwar manhajar tana ƙara buɗe bawul ɗin EGR, wanda ke mayar da wani kaso na hayaƙin salansa cikin injin domin rage zafin ƙuna. Gubar NOx na raguwa, amma kunkunniya na ƙaruwa. Kamfanonin sun ce ƙarfi da shan mai ba su sauya ba. Direbobi da yawa kuwa sun ce totur ya yi laushi a ƙaramin gudu, musamman da lodi. Kunkunniyar tana taruwa a matatar DPF da ke cikin salansa, sai mota ta ƙara fesa mai domin ƙone ta a zafin da ya kai digiri 600. Alamarsa sulo ya ɗaga, fanka ta ci gaba da juyi bayan an kashe. In kana katse wannan ƙuna kullum a cunkoson Taminus, dizal zai riƙa zurarewa cikin baƙin mai, ka ga ma'aunin baƙin man ya haura. Baƙin man ya tsinke ke nan, a juye shi.

An tsara duk wannan ne a kan dizal ɗin Turai, wanda sulfa a cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Namu ya daɗe da yawan sulfa. Ga Jos a tudun da ya kai mita 1,200, iska ba ta da kauri, turbo na aiki fiye da yadda zai yi a Abuja. Motar da EGR ɗinta ya toshe, a Hawan Kibo za ta nuna hali: fitilar gargaɗin inji ta kama, ta ƙi jan kaya.

Kafin a taɓa nozul mai fesa mai, a sa kwamfuta a ga lambar matsalar da za ta nuna. P0401 EGR ne, P2463 matata ce ta cika, P0299 turbo ba ya ba da iska. A wanke bawul, a hau titi minti 20 zuwa 30 ba tsayawa, a zuba baƙin mai mai lambar MB 229.51 ga Mercedes ko VW 507 00 ga Volkswagen. Fasa matatar a zubar ban goyi bayansa ba, domin hayaƙin a ƙirjin yaranmu zai ƙare. Mai sayen Caddy kuma ya duba littafin sabis ko sitika mai lamba 23R7, ita ce shaidar an sabunta.